Tuwon Saje Abel a Ɗakin Gilashi

"Lafiya lau, sai kewar amarya," in ji tsohon tun daga bakin ƙofa, da muryar nan tasa ta filin fareti wadda ba ta san a sassauta ba. "Ina gajiya, matar Saje?"

Joyce ta juyo. Tana tsaye da faranti biyu a hannu, cikin farar riga da baƙin siket na aiki, ga kakanta, uban uwarta, Saje Abel mai ritaya, ya taso takanas daga Dabai ya cika ƙofar gilashin da sandarsa.

Lambun wasan yaran nan na bakin hanyar Dabai ba wanda bai san shi ba a Zuru. Lilo uku ne, da ƙaramin jirgin ƙasa mai zagaye, sai rumfar kwano a gefe inda Hafsat mai tuwo ta shekara ashirin tana ciyar da iyayen yara. Malmala biyu da miyar kuka ɗari biyar, in ka yi mata dariya ta ƙara maka gyara. Bana wani mai kuɗi daga Abuja ya karɓi hayar wurin, ya ture rumfar, ya tayar da ɗakin gilashi mai na'urar sanyi da tebura masu fararen ƙyallaye. Dawar dai ta Zuru ce, ba daga sama aka sauko da ita ba, amma tuwon ya koma dubu shida, kuma tun kafin ka gan shi, zaman kujerar kaɗai dubu ɗaya da rabi ne kowane kai. Wai shi ke nan an waye.

Joyce ba ruwanta da wayewa, aiki take nema. Su biyu ake gwadawa, ɗaya za a ɗauka ranar Asabar, yau kuwa Alhamis. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu na wajen Sakaba, babanta ya koma duba gona bai dawo ba, uwarta da ƙannenta uku suke ɗaki ɗaya na haya, duk idonsu a kan wannan farar rigar. Manajar wurin, Madam Sandra, ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa duk wadda danginta suka zo suka mai da mata wuri gidan biki, ta kama hanya tare da su. Ba barazana ba ce. Satin da ya wuce ta kori wata don goggonta ta zauna ta nemi gyara.

Ta ajiye farantan, ta waiga ƙofar ofis ta ga a rufe, sannan ta matso kusa da shi.

"Wa ya bar ka ka shigo da wannan takalmin? Sa'anninsa duk an binne su."

"Takalmin da ya taka Laberiya shi zai ji tsoron daɓen Zuru? Miji ya zo, kin fara da ƙafa. Hau sama ki ga fuska."

"Na gani. Haƙori huɗu, biyu ma suna sallama."

"Huɗun nan sun fi na samarinki talatin aiki."

"Kai har miji ne? Golmo nawa ka yi mini?"

Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, kuma ba abin da tsohon yake alfahari da shi kamar nasa. Ya ja kujera ya zauna ba wanda ya ce ya zauna, ya ce shekara bakwai ya yi wa kakarta noma har tafin hannunsa ya koma fatar ganga, da surukai suka ga ƙoƙarinsa sai suka ce in an jima za a haifi wata mai dogon wuya, a ba shi ita gyara.

"To ni ba gyarar kowa ba ce. In kana so na, ka ɗauki garma ka je gonarmu."

Kalmar ta fita kafin ta kama ta. Gonar da take nufi ita ce ta cinye ubanta, kuma su biyun sun sani. Tsohon ya kalli farin ƙyallen da ke kan tebur, ya shafa shi da yatsa. Ita ma ta ji kamar ta mari bakinta. Sai ya miƙa hannu ya ce a kawo takardar abinci, ya ga abin da amarya ta iya dafawa.

Ya ɗora tabaraunsa mai ɗaurin zare a hanci, ya bi layi da yatsa, ya tsaya.

"Dubu shida. Wanga tuwo da fasfo ya shigo ƙasar?"

"Tuwon girma ai miyarsa nama."

"To ina naman?"

"Naman daban ne. Dubu huɗu."

"Ashe girman ma sayar da shi kuke yi yanka-yanka."

"In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi, tsoho. Tashi ka je bakin kasuwa, masa na nan daidai haƙoranka. In na tashi aiki ni zan biya."

Ta yi ta lallaɓa shi da zolaya ko zai tashi. Ta ce sanyin ɗakin zai kama masa gwiwa a ɗauke shi a baro. Ta ce kujerar ba ta saba da wandon kaki ba, za ta yi ƙararsa. Ta ce sabo turken wawa, Hafsat ta tafi, rumfa ta tafi, shi me ya rage yake nema? Ya ce mai cewa sabo turken wawa bai taɓa samun inda aka san shi ba ne. Duk wata in fansho ya shigo, nan yake zuwa ya ci tuwo yana kallon yara a lilo, tun ita Joyce tana goye. Yanzu kuma labari ya kai Dabai cewa matarsa ce ke rabon abinci a ɗakin gilashi, har a coci ya faɗa wa mutane zai zo ya ci daga hannunta. Zai koma ya ce musu me?

Nan ne abin ya soke ta. Ta san nawa ne fanshon, ta san rabinsa na maganin hawan jini ne. Amma ta kuma san in ta ƙara minti biyu tana gardama da mai cin abinci, ɗayar yarinyar da ke goge kofuna tana leƙensu za ta kai rahoto. Ta shiga ciki ta kawo.

Malmala ɗaya ce, ba ta fi ƙwan agwagwa ba, a tsakiyar faffaɗan faranti, an ɗiga miya a gefe an ɗora wani ganye a kai. Ta jera masa cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama, yadda aka koya mata.

"Wuƙa kuma? Tuwon bai mutu ba?"

"Don masu hankali aka ajiye."

"Wanga kuwa tuwon ne ko ɗan tuwon? Ku mai da shi wurin uwarsa ya ƙara girma."

"Ya fi ƙarfin cikinka. Ci ka tashi."

"Kawo ruwan wanke hannu."

Ta ce ba a yi a nan. Ya ce shi dai hannun da Allah ya ba shi da shi zai ci, ya tsiyaya ruwan gora a kofi ya tsoma yatsu. Wata mata a teburin gefe ta janye ɗanta kamar an kawo akuya ɗakin. Joyce ta gani, kunya da haushi suka haɗe mata, ba ta ma san wa take jin haushi ba.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Sai tsohon ya ɗaga kai ya hango mai gadin lambun ta cikin gilashi, tsaye cikin rana a bakin get. Sunansa Dodo, tsohon kofur ne, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa shekara tara. Saje Abel kuwa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sa hannu a abinci wani na kallo bai ce zo mu ci ba, ko a bariki ko a gona. Ya ƙwanƙwasa gilashin da kan sanda, ya yafito shi.

"Me kake yi?"

"Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu."

"Malmala ɗaya ce."

"Mun raba biskit ɗaya mu shida a daji. Wanga ai biki ne."

Ta sunkuyo kamar tana gyara ƙyallen tebur. Ba ta ce tsoho ba, ba ta ce miji ba.

"Kaka, don Allah. Jibi za su zaɓi ɗaya. In Madam ta san kai nawa ne, kuma ka tara mata mutane, yau zan koma gida. Mama ba ta da kowa sai wannan aikin."

Tsohon ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. A fuskarsa ta ga ya gane, ta kuma ga ganewar ta yi masa ciwo. Amma aikin gama ya gama. Dodo ba zai iya ƙin kiran Saje ba ko da a kabari yake, ya riga ya bar get, ya shigo da hula a hannu, ya zauna a gefen kujera yana tsoma yatsu a kofin nan. Ƙofar ofis ta buɗe.

Madam Sandra ba ta ɗaga murya, abin da ya sa ake tsoronta ke nan. Ta dubi mai gadinta zaune a teburin baƙi, ta dubi kofin da ruwansa ya yi duhu, ta dubi takalmin. Sannan ta juyo ga Joyce.

"Wannan naki ne?"

Joyce ta dubi kakanta. Ta san amsar da za ta cece ta, ta kuma san ba za ta iya furta ta a gabansa ba. Ba ta kai ga buɗe baki ba sai sandar tsohon ta bugi daɓe.

"Nawa? Allah ya kiyaye. Ke ce mai wurin? Yauwa, ke nake nema. Ina kika samo wagga yarinya marar kunya?"

Ya shiga zazzaga mata. Ya ce tun da ya shigo take bin sa da doka kamar sajan-manjo. Ya nemi ragi ta hana. Ya nemi gyara ta ce ba a san shi ba a nan. Sau uku tana ce masa kada ya kira kowa, kowace kujera da kuɗinta, har ta ce ya tashi ya tafi bakin kasuwa. Shi da ya ga yaƙi, 'yar cikin cikinsa za ta koya masa riƙon cokali? A garinsu yarinya irin wannan ko kyauta aka ba shi ba ya so, dogon wuya kamar zalɓe, ba fara'a, ba tausayin tsoho. Kofur kuwa shi ya ba shi oda, soja ba ya ƙin oda, in akwai laifi a kansa yake.

Zagin da ta saba ji ne tun tana yarinya, kusan kalma da kalma, wanda take rama wa kafin ya rufe baki. Yau ta tsaya hannu a baya, kai a ƙasa, ba ta da ikon ramawa.

Madam ta ce wa Dodo ya koma bakin aikinsa, za su yi magana. Ta gaya wa tsohon cikin ladabin da ya fi zagi zafi cewa yarinyar aikinta ta yi, kuma kujera biyu aka zauna. Ya ce ya sani, ba sadaka ya zo nema ba. Ya kwance bakin aljihu ya biya duka, tuwo da kujerarsa da ta Dodo da ruwan da ya wanke hannu, Joyce tana kallon kuɗin magani da na mota suna tafiya. Ya miƙe. Tuwon ko loma biyu ba a yi ba.

"Raka baƙo ƙofa," in ji Madam, da ɗan murmushin da Joyce ba ta taɓa samu ba cikin sati uku. "Ki faɗi abin da aka koya miki."

Ta riƙe masa ƙofar gilashin. Zafin waje ya bugo su, ga ihun yara daga lilo.

"Mun gode da zuwa, ranka ya daɗe. Sai ka sake dawowa."

Tsohon ya tsaya yana gyara riƙon sanda, bai dube ta ba, ya yi magana ta gefen baki yadda ita kaɗai za ta ji.

"Yau kin ci ni, amarya. Mace ta kori miji daga ɗaki da rana tsaka, kuma har da godiya." Ya yi 'yar dariya, gajeriya, ta tsofaffi. "Share ido, tana kallo. A Dabai zan ce musu na ci na ƙoshi."

Ya laluba aljihu, ya ciro naira ɗari biyun da ta rage masa, ya ɗaga ta sama yadda za a gani daga ciki, ya ce da ƙarfi ga tukuici, ko da yake ba ta cancanta ba. Ta karɓa da hannu biyu. Ya bi ta gaban masu babur bai tsaya ba, ya miƙi hanyar Dabai a ƙasa.

Da ta koma, Madam na tsaye a kan teburin. Ta ce haka ake so, ta ci gaba da haka. Ta nuna farantin ta ce a kwashe, abin da hannu ya taɓa ba ya komawa ko'ina sai kwandon shara, kuma a canza ƙyallen.

Joyce ta ɗauki farantin ta shiga baya. Ga shatin yatsunsa uku a jikin malmalar. Ɗayar yarinyar na tsaye a bakin famfo tana kallonta, don haka ta taka murfin kwandon ta juye.