Ƙauyen da Kowa Ya Ci Biyar

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban 'yan ajinmu na jami'a a birnin Madani, kwamfutata tana shaida wa duniya cewa babu mai damuwa ko ɗaya a ƙauyenmu.

Ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin halayyar ɗan Adam. Malamarmu, wadda muke kira Duktora, ta ce mutum ɗaya za ta ɗauka ya taya ta bincike idan mun gama, kuma sai wanda ya iya rubuta lissafinsa da manhajar R. Na ƙwallafa rai. Ni da ko matar da ke sayar da shayi ba na iya haɗa ido da ita, ga aikin da ba ya bukatar baki. Na duƙufa har na iya. Kowane layi sai na sa masa bayani a gefe (har da waɗanda ba sa bukata).

Bincikena a kan damuwar manoma ne idan ruwan tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonaki, ya makara. Kowace amsa tana da maki: ɗaya ga mai tsananin damuwa, biyar ga mai kwanciyar hankali.

Da hutu na tafi gida, can gefen Makwar. Ƙa'ida ita ce a keɓe da mutum a tambaye shi. To amma yaya zan ce wa wan mahaifiyata ya taso mu keɓe? Sai na same shi da sauran manoma bayan La'asar a gindin dalbejiya, ana zagayawa da jabana, wato butar gahawa, ƙamshin citta yana tashi. Na durƙusa, na gaishe su, na karanta tambayar kaina a ƙasa.

"Kawu, kana kwana da tunanin gona?"

Ya dube ni, ya dubi surukinsa da ke gefe. "Mi za ni ce, ɗana? Alhamdulillahi."

"Alhamdulillahi," in ji sauran.

Na rubuta biyar. Gida-gida haka aka yi mini, ni kuma haka na rubuta. (A shekarar nan ƙishirwa ta ƙone rabin audugar Kawu. Na sani. Da ni aka cire ta.)

Da na koma na zuba bayanan, R ta ƙi ba ni sakamako. Sai gargaɗi take yi cewa babu bambanci tsakanin amsoshin. Na ɗauka rubutuna ne da kuskure. Na warware shi na sake, na sake, kunya ta hana ni tambayar kowa, har ranar gabatarwa ta zo.

Duktora ta yaba tsabtar rubutun. Sannan ta ce da Larabci, "Buɗe mana amsoshin kansu." Na buɗe, suka fito a bango. Biyar, biyar, biyar, tun daga sama har ƙasa, kamar shukar da aka yi da igiya.

"Ya zol," wato "kai, mutumina," wani ya ɗaga murya daga baya, "akwai ɗakin haya a garin nan naku?"

Aji ya fashe. Duktora ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta tambayi yadda na yi hirar, na faɗa mata ina kallon takalmina. Ta ce, "Gaisuwa ka tattaro, ba bayanai ba." Gurbin ta ba wata yarinya daga Rufa'a. Ni kuma ta ce in koma in zauna da manoman ɗaya-ɗaya, in yi shiru bayan sun gode wa Allah, in ji abin da zai biyo baya.

Na ce sai hutu mai zuwa. Kafin hutun, yaƙi ya watsa mu.

Yanzu ina wani gari mai nisa, ina tsara wa wata ƙungiya alƙaluma, masu hawa da sauka yadda R take so. Da za a ba ni zaɓi, da na mayar da su duka, a ba ni La'asar ɗaya a gindin bishiyar nan.

Na dai koyi darasi: ka dubi amsa kafin ka zargi na'ura, kuma kada ka tambayi Bahaushe zuciyarsa a gaban surukinsa. Idan layi ya shiga na samu Kawu a waya, nakan yi shirun da Duktora ta ce. Shi ma sai ya yi shiru. Can sai ya ce, "Kai fa, ɗana?"

Sai in ji bakina ya ba shi biyar.