Ƙulli Bakwai a Ƙarƙashin Katifar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kusa kashe auren 'yar wana da hannuna ba, wai ni mai neman lafiya.

Gwiwoyina ne suka matsa mini, likita ya ce in riƙa shan ƙwayar ƙarin ƙarfin ƙashi. To ni macen da ta shekara goma tana cewa shekarunta arba'in, ina zan yarda a ga kwalbar maganin tsofaffi a jakata? Ga ƙwayar ƙatuwa kamar ƙwallon dabino, ba ta wuce mini a wuya. Sai na daka ƙwayoyin a turmi, na ƙulla garin a takarda ƙulli-ƙulli, na ɗaure da baƙin zaren kitso (shi kaɗai na samu a gidan, wallahi). Kullum in kwance ɗaya in zuba a kunu.

Ranar da muka je Katabu jeren Maryam, 'yar wan nawa, da ƙulli bakwai a jakata. Mata sai buɗe jakar suke, wannan na neman almakashi, waccan na neman allura. Na faki ido na cusa su ƙarƙashin katifar amarya, da niyyar in ɗauka in za mu tafi. Hidimar biki ta mantar da ni sam.

Washegarin kai amarya aka kira ni, wai in zo maza babu lafiya. Gidan amaryar a bakin gari yake, kangaye sun kewaye shi, ko akuya babu a layin. Na tarar da falo cike da mata, amma ba a jin komai sai karatun wani malami daga cikin ɗaki. Hayaƙin habbatussauda ya turnuƙe gidan. Maryam na kwance a ƙasa tana rawar ɗari. Aka raɗa mini cewa asiri ta gani a gadonta da ta zo canza zanen gado, kuma tun lokacin take jin kamar ana hura mata iska a ƙeya. Wadda ta yi shimfiɗar ƙarshe kuwa Inna Talatu ce, gwaggon ango. Wana ya rantse in abin ya tabbata, yau zai tafi da 'yarsa.

Tsoro ya kama ni sosai. Da yake bakina ba ya shiru, na ce ai ni tun ranar jere na san gidan nan da wani abu, ga gwiwoyina sun ƙi lafawa tun daga ranar (ina za su lafa, kwana uku ban sha magani ba). Har harara na watsa wa tsohuwar, tana rakuɓe a lungu tana share hawaye.

Sai malam ya fito da faranti, ya ajiye a tsakiyar falo. Mata suka ja da baya. Da tsinke ya warware ƙulli ɗaya, bai yarda ya taɓa da hannu ba. Ya duba, ya ce a hankali wannan ya yi kama da dakakken ƙashi. Wata ta fashe da salati.

Ni kuwa zarena nake kallo, da irin ɗaurin da nake yi. Ba zan ɓoye ba, na yi niyyar in yi gum. Sai na ga Inna Talatu ta miƙe da ƙyar za ta yi alwala, ta ce a kawo mata Alƙur'ani ta dafa.

"Nawa ne," na ce. "Maganin gwiwa ne."

Ba wanda ya yarda sai da na lashe ƙulli guda a gaban kowa, babu ko ruwa, bakina fari fat. Wana ya tambayi abin da ya sa na ɓoye, na sunkuyar da kai na ce don kar a ce na tsufa. Inna Talatu ta goge idonta ta dube ni.

"Haba Hajiya, ai ranar jere mu uku muka ɗaga ki daga kan tabarma."

Na durƙusa na roƙi gafararta, kuma ita ce ta sake kama ni na tashi. Auren Maryam na nan lafiya. Ni dai na gane tsufan da nake ɓoyewa ni kaɗai ce ban gan shi ba. Yanzu da kwalbata nake yawo, in an tambaya in ce hamsin da uku.