Yadda Ɗan Tseren Uku Zai Kayar da Surukinsa a Kan Keke

Kai ɗan tseren uku, mai iyo da keke da gudu a rana guda ba tare da ka gwanance a ko ɗaya ba, matso kusa. An ce kana so ka shigo tserenmu na agogo, mu 'yan keke zalla, ka nuna wa mahaifin matarka iyakarsa. Madalla. Bi matakan nan daki-daki, ni Desmond na ɗaukar maka alkawari: kafin a kwashe kujeru, sunanka zai zaga daga garin Ballarat har garin Geelong. An gwada hanyar an ga aikinta. Mijin ƙanwata, Trent, ya bi ta bara, har yau ana zancensa a wurin shan kofi.

Mataki na 1: Ka yi caca da abin da ba ka so ka rasa

Namiji ba ya tsere a banza. Jira ranar da matarka ta kai bango. Ƙanwata Bronwyn ta yi shekaru tana fama da 'ya'ya mata biyu ita kaɗai duk ranar Lahadi, don maigida kan fita da keke tun asuba, ya dawo da la'asar ya miƙe a kujera yana nishi kamar wanda ya yi wa wani noma. Ran nan muna cin gasasshen rago a gidan Babanmu Merv, sai ta ajiye cokali.

"Trent, ko keken nan ko mu. Na gaji."

Kada ka ba da haƙuri. Haƙuri na masu keken zuwa cefane ne. Waiga ka dubi surukinka, dattijon da ya haura saba'in, ka yi yadda Trent ya yi.

"In ban ci Baba a tseren agogo na kulob ba, na sayar da keken, Lahadi ta zama taku. In kuwa na ci shi, kada a sake yi mini maganar."

Baba ko ɗago kai bai yi ba. "Miƙo mini dankalin nan, ɗana."

Ka riƙe wannan a ranka: duk dattijon da ya nemi dankali a irin wannan lokaci, tsoro ne ya kama shi. Masana sun tabbatar.

Mataki na 2: Ka zo da kaya

Keken ya zama mai rufaffiyar tayar baya, mai ruri idan yana tafiya. Hular kwanon ta zama mai doguwar jela. Ka ɗaura gorar ruwa a gaba, wata a tsakiya, biyu a bayan sirdi, ka manna alawa a jikin ƙarfen. Tseren kilomita ashirin ne kacal, amma wa ya sani, ko hanya ta kai ka Perth, can ɗaya ƙarshen ƙasar.

Sannan ka zo da singileti, kuma ban da safa. A wurinmu safa mutunci ce, wanda ya hau keke da idon sawu a waje ba ma gaishe shi da hannu biyu. Noelene, tsohuwar da ke riƙe mana agogo, ta dubi Trent sama da ƙasa.

"Bawan Allah, tela ne ya gudu da hannun rigar?"

"Don iska ne, Anti."

"To, Allah Ya ba iskar haƙuri."

Keken Baba kuwa na ƙarfe ne, ya girmi Bronwyn, kuma shayi ne a gorarsa. Ka tabbata ka tsaya kusa da shi ka yi murmushin tausayi.

Mataki na 3: Ka sanar da jama'a cewa wannan wasan yara ne

Duk wanda ya ce maka ina kwana, ka gaya masa ku sai kun yi iyo a teku kafin ku hau keke, in kun sauka kuma ku yi gudu. Ba sai an tambaye ka ba. Mutane suna matuƙar son jin wannan, shi ya sa za ka ga suna ja da baya don su ba ka fili.

Mataki na 4: Tashi da tafiya

A tseren agogo ɗaya-ɗaya ake sakin mutane, minti guda tsakani. Babu laɓewa a bayan wani don gudun iska, daga kai sai agogo. Wani zai riƙe maka sirdi, ƙafafunka biyu a ɗaure a feda, har a ce tafi. A kulob ɗinmu ni ne mai riƙon. An saki Baba, Trent ne na bayansa. Ina riƙe da shi ina jin keken yana karkarwa.

"Yaya Des, kada ka sake ni."

"Ai sakin naka shi ne aikina."

Lissafin mai sauƙi ne, har ɗan tseren uku zai gane. Baba ya riga ka tashi da minti guda. In ka iso kafin minti ya cika bayan isowarsa, ka ci shi.

A tsakiyar hanya akwai jar roba da ake zagayawa a juyo. Ku ba a koya muku kwana ba, don haka ka taka birki tun daga nesa, ka sauke ƙafa, ka juya keken a hankali kamar mai juya gado a ƙaramin ɗaki. Idan watan Satumba ne, hankakan da ke sheƙa a bishiyar wurin zai kawo wa jelar hularka sara. Kada ka damu, shi ma ra'ayinsa yake faɗa.

Yanzu bari in faɗi abin da ba na son faɗa. Yaron yana da ƙarfi. Duk da robar da hankakan, da muka hango su daga saman tudu, Baba yana gaba, Trent yana biye da shi ba nisa, tayar nan tana ruri. Baba ya wuce layin ƙarshe, minti bai ko fara tsufa ba. Bronwyn tana gefena, hannu a aljihun rigar sanyi. "Shi ke nan, Yaya, ya ci," ta ce da ni a hankali. Wallahi raina ya ɓaci, don na san ba Baba aka ci ba, Bronwyn aka ci.

Mataki na 5: Ka amince da abin da jikinka ya saba

Nan ne sirrin yake, ka buɗe kunne. A tseren uku, wanda ya tsallake farin layi a kan keke hukunci ya hau kansa. Dole ya dire kafin layin, ya ruga da keken a hannu, ya rataye shi, ya sa takalmin gudu. Kun yi wannan har ya shiga jininku. Mu kuwa a layi ne ake zuba sauran ƙarfin da ya rage. Kuma a titinmu layi biyu ne: wanda aka tashe ka a kai shi za ka fara tararwa, na ƙarshen yana gaba kaɗan, jifa ɗaya, inda Noelene take zaune.

Trent ya hango farin layi na farko. Sabo turken wawa. Sai muka ga ya sunkuya ya zare ƙafafunsa, ya bar takalman a maƙale a feda, ya wurgo ƙafa ɗaya ta kan sirdi, ya dire da gudu. Gaskiya dirar ta yi kyau, ban taɓa ganin irinta ba. Ya ja keken ya yi gefe, ya rataye shi a shingen makiyayar shanu, ya cire hula, ya hau dube-dube a cikin ciyawa yana neman takalmin gudun da bai zo da shi ba.

Na so in yi masa magana, amma bakina cike yake da biredi.

Noelene ce ta ɗaga agogo. "Ɗan nan, in ka gama kiwon, ga layin nan yana jiranka."

Kafin ya fahimta, ya ciro keken daga waya, ya turo shi ba takalmi a kan tsakuwa, minti ya cika har ya yi 'ya'ya.

Mataki na 6: Ka karɓi gaisuwar surukinka

Baba ya zo da gorar shayinsa, ya dafa shi. "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Sa takalmi, akwai ƙaya a nan."

Ka ciro takalmanka daga feda, ka sa.

Mataki na 7: Ka ci ribar Lahadinka

Trent ɗan halak ne, ya cika alkawari, keken ya tafi a bayan a-kori-kurar wani. Lahadin da ta biyo na je gidan aron injin yankan ciyawa, na same shi a kicin da gari har gira, ya soya fanke tuli guda. Matan gidan suka sauko a shirye, kowacce da jakarta.

"Imogen, ga naki, da zuma yadda kike so," ya ce da babbar.

Ta dubi uwarta tukuna. "Baba, ai tun ina firamare na daina cin fanke."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, har ta ɗauki ɗaya don kada ya ji kunya. Suka nufi mota. Bronwyn ta tsaya a ƙofa da makulli a hannu.

"In za ka zo, ka shiga baya. Gaba wurin kare ne, in an canza masa amai yake yi."

Ya kashe murhu, ya shiga baya tsakanin 'ya'yansa, gwiwoyinsa a ƙirji. Ina tsaye da injin na ji yana tambaya, "Ina za mu?" Suka dubi juna, don shekara da shekaru ba a taɓa yin wannan tambayar a motar ba. Tausayinsa ya kama ni, abin da ban shirya masa ba. Ƙaramar ce ta matsa ta jingina da kafaɗarsa, ta fara yi masa bayani, motar ta fita.

Sanarwa

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙayar da ta soke ka, hankakan da ya sare ka, da dariyar da za a yi maka a wurin kofi, babu hannuna, babu na Noelene, kulob ma bai san ka ba. Idan kuma tsautsayi ya sa ka bi matakan nan ka ci surukinka, kada ka nemi gidana. Keke naka ne, Lahadi taka ce, kuma har ka tsufa ba za ka san inda iyalinka suke zuwa ba.