Rasuwar Dogo, Tsinken Gashin Malama Yemima

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu bai huce ba, Malama Yemima Gershon ta unguwar reluwe a Kafanchan tana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da dukan matan zumunta rasuwar Dogo, babba a cikin tsinkayen gashinta guda biyu. Dogo ya rasu ranar Asabar ɗin da ta wuce. Bai rasu a kan uwargijiyarsa ba, inda ya yi aiki duk tsawon rayuwarsa. Ya rasu ne a ƙofar ɗakin aladu, kuma Malama Yemima ta ce a rubuta hakan ɓaro-ɓaro, kada a fesa wa maganar turare.

Wanda bai san gashin Yemima ba zai ce an cika surutu a kan ɗan guntun itace. To, ya saurara. Gashin nan gadon kakarta ne, ya sauko har ƙugu, ga santsi kamar miyar karkashi. Kitson da aka yi masa ranar Juma'a, kafin Lahadi ya warware ya kama gabansa. Masu kitson kasuwa duk sun sallama. Roba zamewa take yi, ɗankwali kuwa ba ya zama sai an naɗe gashin an kafe shi a ƙeya. Ga shi Yemima ita ce mai jan waƙa a zumuntar mata ta cocinsu, ita ke tsayawa a gaba tana jefa hannu tana kaɗa kai, kuma mace ba ta tsayawa gaban jama'ar Allah da kai a buɗe. Saboda haka abin da ya riƙe mata wannan matsayi shekara da shekaru ba muryarta kaɗai ba ce. Tsinkaye biyu ne, yanzu kuma saura ɗaya.

An haifi marigayin a hannun mahaifin Yemima, marigayi Baba Obadiah, kafintan reluwe, a shekarar da wata malamar makaranta ta yi wa yarinyar barazana da almakashi. Ta dawo gida tana kuka. Tsohon ya ɗauko itacen ƙirya ya zauna a ƙofar gida da wuƙarsa. Ya fitar da tsinkaye biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, shi ya sa ta raɗa musu Dogo da Gajere. Da gangan ya bar musu 'yan zane-zane a jiki, ya ƙi goge su sumul. Ya ce mata, "Kada ki sa musu mai, kada ki goge su da komai. Gashinki ya riga ya yi santsi, su dole su yi kaushi." Ragowar itacen ya ajiye a ƙarƙashin gado, sai da Yemima ta yi aure ya sassaƙa wa surukinsa Gershon sanda da shi. Jama'a su riƙe maganar sandar nan, za a dawo kanta.

Aikin Dogo ba na rago ba ne. Kowace safiya Yemima takan tattara gashin a ƙeya, ta murɗe shi tamau, ta naɗe shi kamar gammo, ta cusa jelar a ƙarƙashi. Sai Dogo ya shiga. Yakan ɗan cafko gashi a gefen gammon, ta juya kansa, ya bi fatar kai a hankali, ya ɓullo ta ɗaya gefen. Gajere ya biyo baya ya gitta masa. Shi ke nan, har dare. Gajere mataimaki ne, kowa ya sani, nauyin duk a wuyan Dogo yake. Ya hau acaɓa zuwa Kagoro a kan hanya mai ramuka bai motsa ba. Ya je gonar citta ya sha rana da gumi. Ya yi rawar biki, ya yi zaman makoki, ya sha ruwan sama a filin taro, bai taɓa kunyata ta ba. Ba shi da surutu. Muryarsa ɗaya ce, ɗan "ƙwas" da yakan yi in ta zare shi ta ajiye a kan tebur, sai kuma "kar-kar" in sun haɗu da ƙanensa a cikin jaka. Yanzu teburin ya yi shiru, kuma shirun yana ci mata rai.

Game da ciwon ajali, Malama Yemima tana so a sani cewa Dogo bai taɓa yin ko mura ba sai da maigidanta, Dattijo Gershon, ya yi ritaya daga koyarwa ya zauna a gida. Mutumin da ya koyar da 'ya'yan mutane tsabta da tsari, shi ne bai iya ganin abu mai tsini ya ƙyale shi ba. Ta kama shi yana sosa bayansa da Dogo. Ta kama shi yana zura shi cikin tankin babur don ya ga ko akwai mai, har ta je coci kanta yana warin fetur. Ta yi faɗa, ta yi nasiha, ta ɓoye shi a cikin littafin waƙoƙi, duk a banza. Shi kuwa sandarsa ta ƙirya tana jingine a bayan ƙofa, yana shafa mata mai duk daren Asabar, ko jikokinsa ba su isa su taɓa ta ba. Ƙafarsa lafiya lau, sandar ta taƙama ce kawai, ta shiga coci ana cewa ga dattijo.

Ranar Asabar ɗin akwai taron zumuntar mata a Fadan Kagoma. Yemima ta yi wanka, ta ɗaura ankon zumunta, ta miƙa hannu kan tebur, sai Gajere shi kaɗai. Ta ɗaga katifa, ta zazzage jaka, ta leƙa ƙarƙashin kujera. Bas ɗin mata yana ta hon a bakin titi. Ta tambayi Gershon, yana zaune yana shan kununsa, ya ce, "Ni ban gani ba, Mama Luke," ko ɗago kai bai yi ba. Ba yadda za ta yi, ta soka biro a gurbin Dogo ta ɗaura ɗankwali ta fita.

Biro kuwa biro ne. Ya daure a mota, ya daure a baiti na farko da na biyu. A baiti na uku, daidai inda Yemima ke ɗaga hannu biyu ta jefa kai baya ta ce Halleluya, sai ya sulale ya faɗi, ya gangara har gaban takalmin baƙon pasto. Gajere ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya gani, amma gammon ya warware, ɗankwalin ya bi shi, gashi ya zubo ya rufe mata fuska a gaban matan coci-coci da dattawa. Masu kaɗa tulun kiɗa suka rikice. 'Yan matan da ke baya suka toshe baki da gefen zane. Da hannu ɗaya a ka ta ƙarasa waƙar, tana ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ta yafe ba tukuna.

A hanyar dawowa shugabar zumunta, Mama Hellen, ta matso kusa da ita ta yi ƙasa da murya, amma duk motar ta ji. Ta ce, "Yemima 'yata, ba faɗa nake yi ba. Babban taro na Gwantu yana zuwa ƙarshen wata. Ko ki yanke wannan gashi ki huta, ko ki ba wata ta ja waƙa. Ba za mu sake cin wannan kunya ba." Yemima ta juya fuska wajen tagar mota. Gashin da ubanta ya hana almakashi taɓawa, da waƙar da ta ja tun tana goyon ɗanta Luke, wai ta zaɓi ɗaya, kamar ana zaɓen tumatir.

Tana shiga gida ta tarar da aladu a tsakar gida sun tone mata kunyoyin gwaza. Ta nufi ɗakinsu, a nan ta ga gawar. Rabin Dogo yana maƙale a ƙarfen ƙofa, inda ake rataya kwaɗo. Ɗaya rabin yana kwance cikin caɓi, da shaidar haƙora a jikinsa. Ashe kwaɗon ne ya lalace da asuba, Gershon ya shiga ɗaki neman abin da zai soka a madadinsa, ya wuce ƙusoshi, ya wuce itacen girki tuli guda, ya wuce sandarsa, ya ɗauko Dogo. Uwar aladun ta tura ƙofa sau ɗaya. Maƙwabciya ta ce ta ji ƙarar daga gidanta, wani ɗan "ƙaras", kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Da ta kai masa guntayen a tafin hannu, mutumin da ya ce bai gani ba da safe sai ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Mama Luke, sori mana. Sanda ne kawai fa. Zan sayo miki na roba a kasuwa, mai kyau, mai kala." Malama Yemima tana so jama'a su sani cewa ba ta riƙe uwar aladu a zuciya ba, alade ya yi abin alade. Ƙaryar safe ma da sauƙi. Wannan "sanda ne kawai" ita ce ta tsaya mata a ƙirji, domin shi da Gajere ne kaɗai suka rage mata cikin abin da hannun ubanta ya taɓa wanda ita ma take taɓawa kullum.

Marigayin ya bar ƙanensa Gajere, wanda tun ranar bai iya riƙe komai ba, sai ya shiga gashi ya fito yana neman ɗan'uwansa. Ya bar tsohon mataji mai giɓi, abokin zamansa a tebur, da ɗankwalin zumunta wanda har yanzu bai warke daga faɗuwar Fadan Kagoma ba. Ya bar uwargijiyarsa cikin fushi. Ya kuma bar ɗan'uwansa na jini, wanda suka fito daga itace ɗaya da hannu ɗaya, wato sandar Dattijo Gershon.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da yamma bayan firaktis ɗin waƙa, a gindin lemon da ke bayan gida, nesa da ɗakin aladu. Dattijo Gershon ne zai haƙa kabari, da hannunsa, ba a yarda wani ya karɓa masa ba. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da biro, fensir, roba ko tsinken tsire a matsayin gudummawa, an gode, an gwada. Duk wadda ta zo da almakashi za a juya ta daga bakin ƙofa, har da Mama Hellen, tare da dukan girmamawa.

Bayan an rufe kabari za a gabatar da magajin marigayi, wanda Ishmael kafinta ya sassaƙa jiya, da kaushinsa da zanensa, ba mai ba fenti. An gwada shi a baiti na uku, an jefa kai baya har sau da yawa, bai motsa ba. Shi zai raka Malama Yemima Gwantu, da gashinta cikakke, ita ce kuma za ta ja waƙa.

A ƙarshe, duk wanda ya ga Dattijo Gershon ranar Lahadi yana shiga coci a karkace, kada ya wahalar da kansa da yi masa sannu. Ƙafarsa lafiya lau. Sandarsa ce ta ragu da taƙi guda daga ƙasa. Da ya ɗauke ta yau da safe ya buɗe baki zai yi magana, Malama Yemima ta ci gaba da naɗe gashinta a gaban madubi, ta ce, "Sori, Baba Luke. Sanda ce kawai fa."

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kuma ba dattijo kwaɗo.