Fuskar Rumawa a Maƙabartar Kurfi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa kaina tsiya a bakin kabari ba. Lokacin ina sabon malamin firamare a Dutsin-Ma, ana dab da samun 'yancin kai, boko na ɗibata. A wani littafin tarihi na ga hoton fuskokin da Rumawan dā na ƙasar Turai ke sawa a wasan kwaikwayo, har suna sassaƙa su a jikin akwatunan gawa na dutse. Sai na gina guda da yumɓu don wasan 'yan ajina, baki wangame, ido zuru-zuru, na lallaɓi wata maginiya ta gasa mini. Don gudun a ce ina ajiye gunki, na cusa ta cikin wata tsohuwar randa a gidanmu na Kurfi, na manta da ita shaf.

A lokacin ina neman auren Hadiza, mahaifinta Malam Isiyaku kuwa bai gama yarda da ɗan boko ba. Ana nan sai Allah ya yi wa yayansa rasuwa. A maƙabartar Kurfi tukwanen da ake fasawa a jera bisa gawa kafin a zuba ƙasa suka gaza. Ni uban neman suna (wa ya aike ni?) na sheƙa gida, na kinkimo randa, na dire ta gaban Malam ina haki.

Sai da mai haƙa ya ɗaga gatari zai raba ta biyu na tuna. Kafin in buɗe baki, gatari ya sauka. Randa ta dare, fuskar nan ta gangaro har gaban liman, ta tsaya tana wa jama'a dariya. Wani dattijo ya ja da baya yana salati.

Malam Isiyaku ya dube ni. "Mene ne wannan?"

Da na yi shiru, wataƙila da an ce ɓarnar yara ce. Ina! Sai malantar ta motsa.

"Baba, ba gunki ba ne. Ai Rumawa ma a kabari suke sa su."

"A kabari," ya maimaita a hankali. "Wato da niyya ka kawo wa yayana."

Kafin kaka an ɗaura auren Hadiza da wani mai sayar da hatsi a Dabawa, kuma wallahi abin ya daɗe yana ci mini rai. Tun daga ranar, in na je jana'iza, ilimina duka ba ya wuce "Allah ya jiƙansa."