Hutun Alkahira

Wani mutum ne a Funtuwa, Tasi'u, wanda ko gaisuwa kuka yi sai ya sako maka zancen Alkahira. Wai can ya yi alƙalancin ƙwallon kwando, Larabawa na tafa masa har hannuwansu suka yi ja. Mu dai abin da muka sani, ya taɓa hura usur a ƙwallon ƙafar unguwa, ranar ma da gudu ya koma gida.

Da aka shirya gasar ƙwallon kwando ta makarantu, sai aka ce ana neman shugaban alƙalai. Tasi'u ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan. Ya je wurin Alhaji Sambo, shugaban kwamitin gasar, ya yi ta zuba kamar famfo.

Alhaji Sambo ya ce, "To madalla. Gobe ka hura mana wasan farko tare da alƙalinmu Malam Nafi'u. In ka yi kyau, kujerar taka ce."

Tasi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko ido rufe."

Washegari ya fito tsaf, usur a wuya. Dabararsa ɗaya ce: duk abin da Malam Nafi'u ya yi, shi ma ya yi. Nafi'u ya hura fit, shi ya hura fiiiit. Nafi'u ya nuna hagu, shi ya nuna hagu har da ɗaure fuska. Wallahi abin har ya fara yi masa kyau.

Minti shida da farawa, kocin wata makaranta ya nemi hutu. A wannan wasa hutun da koci ke nema minti ɗaya ne tak, kuma alƙalin da ke riƙe da ƙwallo ba ya barin fili. Malam Nafi'u ya miƙa wa Tasi'u ƙwallon ya ce, "Riƙe mana, Yallaɓai," ya nufi teburin masu duba lokaci.

Tasi'u ya waiga. 'Yan wasa sun koma benci suna shan ruwa. A ransa ya ce, "Ashe wasan nan na ragwaye ne. Har an tafi hutun rabin lokaci?" Ana haka ƙamshin awara ya bugo shi daga bakin ƙofa, ga shi ko karyawa bai yi ba. Ya saɓa ƙwallo a hammata ya fice abinsa.

Ƙararrawa ta buga. 'Yan wasa suka dawo fili. Ba Tasi'u, ba ƙwallo, kuma ƙwallon nan shi kaɗai ne mai iska a duk makarantar da ake gasar. Aka leƙa ƙarƙashin benci, aka leƙa bayan gida. Daga ƙarshe Alhaji Sambo da kansa ya fito waje, rabin 'yan kallo na biye da shi.

Ga Tasi'u kan dakali, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙwallo, baki duk mai da yaji, yana ba mai awara labarin yadda ya kori wani dogon Balarabe daga fili.

Alhaji Sambo ya ce, "Malam Tasi'u, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Bismillah."

"Hutun ai minti ɗaya ne."

Awarar ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya haɗiye ta muƙut, ya dubi taron da ke kallonsa. Amma bakin da ya saba bai iya shiru ba.

"Af, wannan tsarin nan gida ne. Mu a Alkahira minti goma sha biyar muke yi."

Alhaji Sambo ya sunkuya ya zare ƙwallon daga ƙarƙashin ƙafarsa, ya kuma cire usur ɗin daga wuyansa a hankali.

Ya ce, "Ba laifi. Mu bari mu je mu ƙarasa na Funtuwa. Kai zauna ka ci gaba da hutun Alkahira, in an gama gasar za mu aiko a sanar da kai."