Ƙasar Sikotlan ta Alhaji Nalado

Wani mutum ne a unguwarmu a Nguru, Alhaji Nalado. Sau ɗaya ya taɓa raka maigidansa Sikotlan yana riƙe masa jaka, amma har yau kunnuwanmu ba su huta ba. Sai ya turo hula gaba, ya shaƙe murya ta hanci: "Mu a can, ƙasa muke hurawa. Fit sunanta. Baƙar ƙasar fadama ce, ruɓaɓɓen ciyayi tun na zamanin kakannin kakanni. A yanka kamar tubali, a shanya, a kunna. Da hayaƙinta suke busar da tsiron sha'ir na giyar nan tasu, wiski. Ni dai a'uzubillahi, hanci kawai na kai!"

To, Alhaji neman gwaggota yake, Hajiya Kulu mai bandar kifi, bazawara mai ji da kanta. Ta ce ita ba ta auren mai baki, sai ta gani a ƙasa.

"Hajiya, ba ni tarwaɗa kwando biyu. In na banda miki da fit, daga Abuja za a riƙa yo miki layi."

"In ka ɓata min kifi fa?"

"Kar ki ƙara amsa sallamata."

Ya je fadama ya kwaso laka, ya shanya, ya ƙyasta ashana. Shiru. Ya hura, ya fifita, har idonsa ya yi jawur. Laka ta ce ba ta san zancen ba. Sai ya zagaya bayan ruga da buhu, ya tsinto kashin shanu, ya kwaɓa da lakar, ya yi tubala reras, ya jera a kwali mai rubutun Turanci.

Ranar bandar, mata suka cika gidan Gwaggo maƙil. Alhaji ya sha babbar riga.

"A matsa! Wannan ta jirgi ta zo!"

Wuta ta kama, fuu! Hayaƙi ya turnuƙe. Ya lumshe ido: "Allahu akbar! Sikotlan sak!"

Gwaggo ta ɗaga hanci. "Alhaji, warin nan kamar na san shi."

"Ina za ki san shi, Hajiya? Kin taɓa hawa jirgi?"

Sai tubalin gefe ya motsa. Ɓaras! Ya tsage. Ga buzuzu ya fito, baƙi ƙirin, zafi ya ishe shi. Wani ya biyo. Wani kuma. Suka yi jerin gwano, ɗaya har da ɗan curinsa yana turawa da baya.

Gumi ya karyo wa Alhaji. "Wa... waɗannan na can ne. Ba ki ga ƙyallinsu ba?"

Mata suka zube ƙasa don dariya, ni har da shaƙewa. Gwaggo kuwa ko murmushi. Ta bi buzuzun da ido har suka fice ƙofa, suka miƙe tiryan-tiryan hanyar ruga.

"Ikon Allah! Baƙi daga Turai, amma sun san hanyar gida. Bi su, Alhaji, kar su ɓata. Ɗauki kifin ku yi guzuri."